Lamba Kafin Kuɗi: Yadda Ake Neman Kayan Gyaran Tsofaffin Motocin Soja

Da wuya wata ya wuce wani bai shigo garejina da ƙarfe a leda ba, ya ajiye a kan benci ya ce, "Oga, irin wannan nake nema." In ce na wace mota ne, ya ce Land Rover ta soja. Ta wace shekara? Ya kalli yaronsa, yaron ya kalli ƙasa. Lambar injin fa? Sai ya ce ai duk ɗaya ne. To, wannan "duk ɗaya ne" ita ta cinye kuɗin mutane da yawa, ni ma ta ci nawa, shi ya sa na zauna na rubuta wannan jagora. Kama da wane ba ta wane. A motar soja abin ya fi tsanani, domin a waje tana kama da 'yar'uwarta ta farar hula, a ciki kuwa an sauya mata abubuwa da gangan, sannan sojoji sun yi shekaru suna cire wannan suna dasa wancan kafin a kaɗa mata ƙararrawar gwanjo.

Zan kafa misalaina a kan motoci biyu da na fi sani: jif ɗin Amurka ta Yaƙin Duniya na Biyu, wato Willys MB da Ford GPW, da kuma Land Rover ta sojan Birtaniya, samfurin Series IIA da Series III. Wanda ya gane hanyar a kan waɗannan zai iya bin ta a kan Bedford ko Dodge ko Unimog.

Abin da za ka tanada

Buroshin waya mai laushi, kananzir da tsumma, alli, tocila, da ƙaramin madubi don leƙen lungu. Baniya ta awo wadda ke nuna inci da milimita duka biyu. Ma'aunin tiredi, wannan mai ganyayyaki kamar wuƙar aljihu, shi ma na inci da na mita. Waya mai kyamara. Littafin rubutu guda da ba ka rubuta komai a ciki sai zancen wannan motar. Sai uwa uba, littafin jerin kayan motar. Ban sa giranda a lissafi ba, kuma da gangan ne.

1. Tambayi motar sunanta

Kafin ka kwance ko noti ɗaya, nemi lambar casis. A Land Rover ta Series tana kan faranti a cikin mota, an kuma buga ta a jikin ƙarfen casis, a maƙalin sifirin na gaba ta hannun dama. Ta jikin ƙarfe ita ce shaida, domin faranti sukurori ne ko ribiti ke riƙe da shi, kowa na iya ɗauko shi daga wata mota. Kafin wajen 1979 lambar alƙaluma takwas ce da harafi ɗaya a ƙarshe. Ukun farko suna faɗin samfuri: a Series III, 901 gajera ce mai fetur da sitiyari a dama ta kasuwar Birtaniya, 911 kuma doguwa. Harafin ƙarshen nan da yara ke mantawa ba ado ba ne. Duk lokacin da masana'anta ta yi babban sauyi sai ta matsa daga A zuwa B, zuwa C, kuma littafin kaya da wannan harafin yake magana.

A jif, Willys ta liƙa ɗan faranti a gaban casis ta hagu, Ford kuwa ta buga lambarta kai tsaye a saman ƙarfen casis na hagu. Akwai kuma farantai a murfin akwatin gaban fasinja. Idan duk sun ɓace, durƙusa ka duba ƙarfen da ya gitta a ƙarƙashin lagireto. Na Willys bututu ne zagayayye, na Ford kuwa an lanƙwasa shi kamar kwatami a kife. Tsakanin 1941 da 1945 Willys ta ƙera kimanin 360,000, Ford kimanin 280,000, kuma an tsara su ne yadda kayan wannan zai shiga waccan. Saboda haka jif mai casis ɗin Ford da bodin Willys ba abin mamaki ba ce.

Lambar za ka same ta a ƙarƙashin fenti hawa-hawa, don soja ba ya kankare tsohon fenti, sabo yake shafawa a kai. Jiƙa wurin da kananzir, ka bi da buroshi a hankali, ka goga alli, ka share da yatsa. Allin zai zauna a ramin alƙaluman. Haska tocila daga gefe, ba daga sama ba, inuwa ce ke fito da rubutu. Kada ka kusanto da giranda. Zurfin bugun bai taka kara ya karya ba, shafa ɗaya ta isa ta mai da 8 ta koma 3, kuma lambar da ka goge da hannunka babu mai dawo maka da ita. Ga kuma bayanin da za ka yi wa jami'in da ya ga alamar gurza a kan lambar casis.

2. Kowane babban sashe da tasa lambar

Nan ne na sha tawa. Shekarun baya wani Alhaji ya kawo mini doguwar Land Rover da ya saya a gwanjo, injin na ƙwanƙwasa, mai na zuba ta baya. Na duba casis, ta tsakiyar shekarun 1970 ce. Na buɗe littafi, na rubuta lambar metal ɗin karanshaf da sil ɗin baya, muka aika Ingila. Sati shida kaya suka iso. Na sauke kaskon mai, na kwanta a ƙarƙashi ina ƙirga mazaunan karanshaf: ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar. A kwali kuwa na mazauni uku ne. Yarona ya leƙo ya ce, "Oga, ko sun rage mana biyu ne?" Babu abin da suka rage. Abin da na nema suka aiko. Injin mai lita biyu da kwata yana da mazauni uku har zuwa wajen 1980, daga nan aka mai da shi biyar, aka sauya sil ɗin baya daga mai gida biyu zuwa zobe guda, aka kuma koma tiredin mita a wurare da yawa. Sojoji sun cire injin motar na asali sun dasa mata na baya. Da na goge gefen injin tun farko, da na ga jijiyoyin ƙarfe da aka yi wa mai mazauni biyar a jikinsa. Da Alhaji ya zo na ce, "Ranka ya daɗe, kuskuren nawa ne." Ya ce, "Allah ya kiyaye gaba, Malam," amma sati shida na biyu a aljihuna suka fita.

Dalilin yana cikin yadda soja ke gyara. Ba ya ajiye mota wata guda yana jiran a yi wa injinta aiki. Cire shi ake yi ɗungurungum a dasa wanda aka riga aka sabunta, tsohon ya tafi babban wurin gyara, ya fito ya shiga wata motar. Haka giyabos, haka aksul. Don haka lambar casis tana gaya maka yadda aka haifi motar ne kawai. Rubuta lambar injin daban, ta giyabos daban, ta aksul na gaba da na baya daban. A GPW akwai sauƙi ɗaya: Ford ta buga lamba iri ɗaya a injin da casis, in sun saɓa ka san an sauya. A Willys tun daga masana'anta ba sa dacewa, kada ka tayar da hankalinka.

Nemi kuma ɗan farantin da wurin gyaran soja ke liƙawa a gefen injin da aka sabunta. Yakan nuna ranar aiki da awon da aka yi. In ka ga 020 a gaban silinda, an faɗaɗa ramin da kashi 20 cikin dubu na inci, kusan rabin milimita ke nan, fistin da ringi na asali za su yi masa kaɗan. In ka ga 010 a gaban karanshaf, an rage kaurinsa, metal mai kauri yake so. Duk da haka ka sa baniya ka auna, domin bayan soja wasu hannayen sun taɓa shi.

3. Samo littafin da ya dace, ka koyi karanta shi

Littafi iri uku ne, kuma mutane na cakuɗa su. Akwai na direba, akwai na bakanike mai bayanin yadda ake kwancewa da ɗaurawa, akwai na jerin kaya. Na ukun nan ne mai lambobi. A jif, TM 9-803 na tuƙi ne da kula ta yau da kullum, TM 9-1803A na injin da kuloci, TM 9-1803B na giya da aksul da bodi. Jerin kayan kuwa shi ne ORD 9 SNL G-503. Sojan Amurka ya ba kowane dangin mota lambar G: jif ɗin yaƙi G-503, Dodge mai ɗaukar kashi uku cikin huɗu na tan G-502, babbar GMC G-508, jif M38 G-740, jif M38A1 G-758. Dillalan waje har yau da waɗannan lambobin suke jera kayansu, in ka ce G-503 an san inda ka dosa. A littattafan Amurka na baya, ƙarshen lambar ne ke faɗin aikin littafin: 10 na direba, 20 na gyaran rukuni, 34 na babban gyara, in an ƙara harafin P to jerin kaya ne.

Ga kuskuren da na fi gani. Mutum ya buɗe shafin zane, ya ga kibiya ta nuna abin da yake so da lamba 14, ya aika wa dillali "ina son lamba 14". Wannan 14 ɗin jagora ce kawai zuwa layi na 14 a shafin da ke kallon zanen. A can ne lambar kayan take, kuma sau da yawa layi biyu ko uku ne a ƙarƙashin 14 ɗin. Bi da yatsa har ƙarshen layi, wurin ƙananan bayanai: daga injin mai harafi kaza, har zuwa aksul mai lamba kaza, na mai lantarki 24 kaɗai. Wannan ɗan rubutun da ido ke tsallakewa shi ne dalilin wahalar da ka sha a mataki na 1 da na 2.

Littafin farar hula ba ya wadatar da motar soja. Land Rover mai ɗaukar rediyo, wadda ake yi wa laƙabi da FFR, lantarkinta 24 ne ba 12 ba. Kik, janareto, ƙwan fitila, injin waifa, agogon mai, duk nata daban. Fulogoginta ma a rufe suke da ƙarfe, wayarsu ɗaura ta ake yi da tiredi, don kada tartsatsi ya dami rediyo. Samfurin Lightweight, da aka fara a 1968 don jirgin sama ya iya ɗauka, an tsuke faɗinta, har shaf ɗin ƙafafun na farkonta ya bambanta da na sauran. Idan motar ta yi aiki a sojan Birtaniya kuma ka san lambarta ta soja, mai alƙaluma biyu, haruffa biyu, alƙaluma biyu, gidan tarihin Royal Logistic Corps na ajiye katunan tarihin motoci da yawa. Gidan tarihin motoci na Gaydon a Ingila kuma na ba da takardar ranar ƙira daga kundin masana'anta.

4. Lambar da ke jikin ƙarfe ba lallai ita ce ta saye ba

A nan zan daɗe, don nan ne ma waɗanda suka ƙware ke zamewa. Ƙarfe ɗaya na iya ɗauke da lamba iri huɗu, kowace da mai ita.

Ta farko lambar zubi ce, wadda ta kumburo a jikin ƙarfe tun daga tukunyar narka. Ta maƙera ce, tana nuna kaskon da aka zuba. A tsarin Ford, jikin injin na ɗauke da 6015, don haka za ka ga GPW-6015 a gefensa, amma a jerin kayan Ford jikin injin da ake sayarwa 6010 ne. Daga zubi ɗaya ana iya fitar da kaya biyu ko uku, gwargwadon ramukan da aka huda daga baya. Amfanin lambar zubi shi ne gane asali. Injin Willys na lokacin yaƙi na ɗauke da 638632, kuma sarƙa ce ke juya kamshaf ɗinsa. In ka ga 641087, na bayan yaƙi ne mai juyawa da haƙoran giya, ko da a cikin jif ɗin 1943 ka same shi. Wanda ya sayo masa sarƙa ya yi asara.

Ta biyu lambar kamfanin da ya haɗa motar. Willys ta yi amfani da A da alƙaluma, ko alƙaluma shida. Ford na farawa da GPW, kuma ta bi kayanta da tambarin harafin F mai lanƙwasa har kan bol. Land Rover ta fara da alƙaluma shida zalla, daga baya ta koma haruffa uku da alƙaluma huɗu, kuma haruffan na ba da haske: ERC da ETC na injin, FRC na giya da aksul, NRC na casis, PRC na lantarki, RTC da STC na kayan da ake sayarwa don gyara.

Ta uku lambar wanda ya ƙera abin da kansa. Willys ba ta yi kafireto ba, Carter ce ta yi, samfurin WO. Giyabos na Warner ne, T-84. Aksul na Spicer, lantarki na Autolite. A Land Rover za ka ci karo da Lucas da Girling da Zenith da Solex. Wannan lambar takan fi ta mota amfani, musamman a boris. Boris ɗin ƙafar jif, alal misali, 18590 ne, mazauninsa 18520. Ka je wa mai sayar da boris da zancen jif ɗin 1944 ya ce babu, ka ba shi waɗannan alƙaluman ya juya ya ɗauko. Ka lura boris da mazauninsa kowanne da lambarsa, kuma tare ake sauya su.

Ta huɗu lambar rumbun soja, NSN, wadda ƙasashen NATO ke amfani da ita. Alƙaluma 13 ce a kashi uku. Huɗun farko ajin kaya ne: 2520 giya da abin da ke kai ƙarfi ƙafa, 2530 birki da sitiyari da aksul, 2910 kayan mai, 2920 lantarkin injin, 3110 boris, 5330 gasket da sil. Biyun da ke bi suna nuna ƙasar da ta yi rajistar kayan: 00 da 01 Amurka, 99 Birtaniya, 12 Jamus, 14 Faransa. Bakwan ƙarshe ba su da wata ma'ana a kan kansu, jeri ne kawai. Kafin 1974 lambar Amurka 11 ce, babu ta ƙasa. In ka sami tsohon kwali mai 11, saka 00 bayan huɗun farko, ka sami ta yau. Idan kwalin soja ya zo hannunka, kada ka yar da shi sai ka kwafe duk abin da ke kan takardarsa, domin sau da yawa NSN da lambar kamfani suna tare a wurin, kuma wannan haɗin shi ne gadar da kake nema.

Akwai wani tambari da ke rikita masu jif: WOF. Na Faransa ne. Kamfanin Hotchkiss ya ƙera jif da lasisin Willys, sunanta M201, daga tsakiyar shekarun 1950 zuwa 1966, kuma sojan Faransa ya yi ta sabunta jif ɗin Amurka da kayan Faransa. Kayan WOF masu kyau ne, da yawansu na shiga MB, amma M201 ta baya lantarkinta 24 ne, ta yaƙi kuwa 6.

5. Bi sawun lambar zuwa yau

Lamba na mutuwa a ba da gadonta ga wata. Littafin 1972 zai ba ka alƙaluma shida, dillali ya ce bai san ta ba, alhali kayan na kan kantarsa da sabon suna. Nemi jerin maye gurbi, ka rubuta silsilar duka a littafinka, tsohuwa da sabuwa. Sai dai a kula, maye gurbi wani lokaci da sharaɗi yake zuwa: sabon na shiga, amma sai an sauya abokin zamansa. Kuma lambobi biyu da ke maƙwabtaka ba su zama abu ɗaya ba. Sil ɗin ƙafar Land Rover RTC3510 na kafin sauyin 1980 ne, RTC3511 na bayansa. Alƙalami ɗaya ya raba su, kuma in ka sa wanda ba shi ba, man aksul zai bi ya jiƙa birki.

6. Auna, ko da lamba ta yi daidai

Ƙirga haƙoran shaf: aksul ɗin Rover na da 10, Salisbury da ke bayan doguwar Series III na da 24. Auna duram ɗin birki: gajera inci 10, doguwa inci 11, amma daga 1980 gajerar ma ta koma 11 a gaba. Sai tiredi. Land Rover ɗaya na iya ɗauke da iri uku, tsohon na Ingila a giyabos, na inci irin na Amurka a wasu wurare, na mita a kayan baya. Wanda ya fi ba ni tsoro na bututun birki ne. Notin inci mai kauri uku bisa takwas milimita 9.5 ne, na mita kuwa 10, kuma tazarar tiredinsu ta yi kusa ƙwarai. Na incin zai shiga ramin na mita, ya juya lafiya, har ya yi kamar ya ɗauru. Ranar da aka taka birki da ƙarfi a gangara ne zai fice. In noti na rawa a rami kafin ya kai ƙarshe, tsaya ka sa ma'auni.

7. Inda ake nema, da abin da ake karɓa

Fara da gida. A Ƙofar Ruwa ta Kano, ko Panteka ta Kaduna, ko Ladipo ta Legas, akwai dattawan da suka san Land Rover tun tana motar gwamnati da 'yan sanda, kuma wani lokaci a can ƙasan shago akwai kwalin da ya shekara talatin ba a taɓa ba. Je da tsohon kayan a hannu, da lambar a rubuce, da baniya a aljihu. In mai shago ya ce, "Maigida, wannan zai yi," ka ce masa, "To, bari mu gwada shi a kan awo." Mai gaskiya ba ya jin haushin baniya. 'Yan gwangwan ma kada ka raina su. Ka bar musu lambar wayarka, domin mataccen Land Rover kan isa wurinsu kafin kowa ya ji labari, kuma da kilo suke sayarwa.

Kayan jif da na lantarki 24 kuwa sai waje. A Ingila akwai dillalan da suka keɓanta da rarar kayan Land Rover na soja, irin su P. A. Blanchard. A Amurka da Holan da Faransa akwai na jif, a Filifin kuma kamfanin MD Juan na buga sabon bodinta. Ƙungiyoyin masu irin waɗannan motoci, MVPA a Amurka da Military Vehicle Trust a Birtaniya, na da mujallu da kasuwannin baje koli. In za ka rubuta wa dillali, ba shi lambar kaya, lambar injin ko aksul ɗin da za a ɗaura wa, awon da ka yi, da hoton tsohon kusa da ma'auni. Ka roƙe shi hoton ainihin abin da zai sa a kwali, ba na kundin talla ba.

Kayan da za a miƙo maka iri huɗu ne. Akwai sabo na asali da ya tsufa a rumbu, wanda dillalai ke rubuta wa NOS, galibi a naɗe da takarda mai maiƙo. In ƙarfe ne, haƙoran giya ko shaf ko fistin, ban san abin da ya fi shi ba. In roba ce, bar shi. Sil da robar masta da tiyon birki da suka shekara hamsin a kwali sun bushe, ko da ido bai gani ba. Akwai na kamfanin da ya yi wa masana'anta tun asali, a cikin kwalinsa, wannan shi nake fara nema a birki da boris. Akwai kwaikwayo, wanda ya kama daga mai kyau har wanda ba ya kai wata guda. A madubi ko murfin fitila ba na damuwa, a birki da sitiyari kuwa araha ba ta ado. Sai na hannu da aka ciro daga wata mota, wanda sau da yawa ya fi sabon kwaikwayo, in ka auna cinsa.

Kafin ka biya kuɗin jirgi, tambayi wakilin kwastan. A Najeriya kayan da ke da alaƙa da soja na iya buƙatar takardar izini daga ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, kuma akwai dokar da ta hana farar hula hawa mota mai koren fentin soja. Gara ka ji wannan kafin kaya su iso tasha.

8. Abin da ke cikin tsohon kaya da zai iya cutar da kai

Agogunan dashbod na motocin soja na lokacin yaƙi da shekarun da suka biyo baya, da yawansu an shafa wa alluransu fenti mai sinadarin radiyam don su yi haske da dare. Hasken ya mutu tuntuni, amma tururin cutar na nan, domin radiyam na ɗaukar shekara 1,600 kafin rabinsa ya lalace. Kada ka buɗe gilashin, kada ka hura ƙurar ciki, kada ka bar yara su yi wasa da fasasshe. Tsohon lainin birki da faifan kuloci da wasu gasket na ɗauke da asbestos. Al'adar nan ta hure duram da iskar kwamfireso a daina ta, a jiƙa da ruwa a share da tsumma. Tsohon fenti na da dalma, a sa takunkumi in za a kankare. Wilin jif na yaƙi gida biyu ne da aka haɗa da bol. Sace iskar taya gaba ɗaya, ka cire ƙwayar bawul, kafin ka taɓa bol ɗin da ke zagaye da bakin wili, in ba haka ba rabinsa zai tashi da ƙarfin da ke karya ƙashi. Motocin sojan Amurka na baya kuma man birkinsu na silikon ne, DOT 5, mai launin shunayya, ba a haɗa shi da wanda muka saba.

9. Ranar da kaya suka iso

Kada ka yage kwali. Ɗauki hoton takardarsa, ka shimfiɗa sabo kusa da tsoho a kan benci, ka ƙirga ramuka, ka ƙirga haƙora, ka auna. Gwada shi a wurinsa da hannu, ba mai, ba guduma, domin dillali ba ya karɓar abin da ya ga alamar sifana a jikinsa. In ya zauna, buɗe littafinka ka rubuta kwanan wata, lambar da ka nema, lambar da ta zo a kwali, wurin da ka saya, da sashen da aka ɗaura wa. Tsohon kuma kada ka ba 'yan gwangwan tukuna. Wanke shi, ɗaura masa takarda da waya, ka rubuta lambarsa, ka ajiye a kanta har motar ta yi wata uku a kan hanya.